Masauki Ɗaya Ko Zango-Zango: Shawarar Wani Gida A Kan Ziyarar Karkarar Andalus

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su tsaya sun faɗi inda matafiyin zai riƙa kwana ba. Sun bar masa wannan, domin dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Fataken da, waɗanda suka riƙa kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja wajen neman goro, ba su sha wahalar wannan tambaya ba, gama hanya ita ke yanka musu zango. Inda aka sami ruwa da ciyawa nan madugu zai ce a sauke, gari ya waye a ɗaura a ci gaba. Matafiyin zamani kuwa, wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya ƙetara wata ƙasa, ya ɗauki hayar mota don ya zaga karkara ya buɗe ido, shi zaɓi ne ya yi masa yawa. Yana iya kama gida guda ya mai da shi cibiya, kullum ya fita da safe ya komo da yamma. Yana kuma iya bin sawun fatake, yau nan gobe can, ba ya maimaita gado. Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu akwai abin da take bayarwa, akwai kuma abin da take karɓa, ba kuwa a gane nauyinsu sosai sai an dubi mutanen da abin ya taɓa.

Akwai wani dattijo a cikin birnin Kano, malamin zaure, wanda ya ba shekara 70 baya. Tun yana saurayi yake zaune bisa buzu yana biya wa almajirai karatu, kuma da yawa daga cikin littattafan da ya fi ƙauna ƙasa ɗaya masu su suka fito, watau Andalus, a ƙasar Sifaniya ta yau. Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekarar 848. Alfazazi mai Ishiriniya a Ƙurɗuban aka haife shi. Ibn Malik mai Alfiyya mutumin Jayyan ne, Ibn Asim mai Tuhfa kuwa alƙalin Garnaɗa ne, ya rasu a 1426. Dattijon ya sauke farali tun tuni. Abin da ya rage masa na buri shi ne ya taka ƙasar da waɗannan bayin Allah suka taka, ko da sau ɗaya ne, domin gani ya kori ji.

Babban ɗansa, wanda yake aikin injiniya, ya ji wannan buri ya fi sau shurin masaƙi. Ya yi shekara uku yana tari, har Allah ya nufa aka sami biza, aka tsai da tafiya a watan Oktoba na shekarar 2022. Mutum uku za su tafi: dattijon, da ɗan, da matar ɗan, wadda ita ke kula da abincin surukinta tun bayan rasuwar uwargidansa. Kwana goma rak hutu da aljihu suka yarda a yi. Jirgi zai sauke su a Malaga, a bakin teku, can za su karɓi motar haya. Tuƙi bai ba ɗan tsoro ba, gama ta hannun dama ake bi a Sifaniya, kamar yadda ake yi a Nijeriya tun 1972. Abin da ya hana gidan sakat har mako biyu shi ne maganar masauki.

Ɗan ya shimfiɗa taswira ya zana da'ira mai kyawun gani. Za su kwana biyu a Ronda, biyu a Ishbiliya wadda mutanen ƙasar ke kira Sebiya, biyu a Ƙurɗuba, ɗaya a Jayyan, biyu a Garnaɗa, sa'an nan daren ƙarshe a ƙauyukan Alfuhara, bisa kafaɗar duwatsun da ke kudu da Garnaɗa. Masauki shida ke nan cikin kwana goma. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Ya ce yankin Andalusiya ya fi murabba'in kilomita 87,000, watau ya ɗara Jihar Neja faɗi, kuma ba mai cewa zai zauna gari guda ya ga Jihar Neja. Ya ce duk hanyar da mutum ya bi sau biyu, tafiya da komowa, ya yi asarar rabin man motarsa da rabin wuninsa. Ya ce tsohon birni da almuru yake nuna fuskarsa, sa'ad da masu yawon rana suka watse, kuma wanda bai kwana cikinsa ba bai gan shi ba. Bayan duk wannan akwai abin da bai faɗa da baki ba, amma kowa ya san shi ke cikin ransa: mahaifinsa ba lalle ne ya sake irin wannan tafiya ba, sabo da haka duk garin da aka tsallake an tsallake shi ke nan har abada.

Matarsa ba ta yi gardamar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita dai lissafi ta yi irin na mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo. Ta ce, "Baban yara, ka ƙidaya garuruwa, amma ba ka ƙidaya ɗaurin kaya ba." A yawancin masaukai na ƙasar ana so baƙo ya bar ɗaki kafin tsakar rana, ba a kuma buɗe masa na gaba sai wajen ƙarfe uku. Tsakanin nan yana yawo da akwatunansa cikin mota, in ya tsaya kallon wani abu rabin hankalinsa yana wurin da ya ajiye ta. Tsofaffin unguwannin garuruwan kuwa don alfadari da jaki aka yanka lungunansu, wasu ma an hana baƙuwar mota shiga, sai a ajiye ta nesa a jawo kaya a ƙasa bisa daɓen duwatsu. Duk ƙaura guda, in an haɗa naɗe kaya da neman gida da karɓar makulli da gano inda kanti yake, rabin wuni take ci. Ƙaura biyar kuwa wuni biyu da rabi ke nan daga cikin goma, an kashe su ba a ga kome ba sai matakala.

Daga nan ta gangaro ga abin da ya fi damunta. Dattijon yana da ciwon suga, yana da allurar da sai an ajiye ta cikin firiji, abincinsa kuma yana da ƙa'ida da lokaci. Mutanen Sifaniya ba sa cin abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara ta gota, gidajen abinci da yawa ba sa ɗora tukunyar dare kafin takwas. Har wa yau ƙasa ce da naman alade da kitsensa ke shiga wurin da baƙo ba zai zata ba, har cikin wasu kayan zaƙi irin na gasawa. Ba a kuma yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga waje zuwa ƙasashen Tarayyar Turai ba, balle a ce a yi guzurin kilishi da man shanu. Abin da za ta iya ɗauka shi ne garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, su kuwa waɗannan sai da madafa. Akwai kuma wata magana da ta faɗa wa mijinta kaɗai, murya ƙasa-ƙasa. A otal tebur ɗaya za a ba su su uku, safe da rana da dare, ita kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kai loma baki a gaban surukinta ba, ba kuma za ta fara ba don an zo Turai. Gida take so mai sama da ƙasa, da banɗaki biyu, inda kowa zai sake.

Ita ma ta zo da nata shirin, wanda ta ce a kama gidan gona guda a kusa da Antekera, garin da ake yi wa kirari da zuciyar Andalusiya domin nan manyan hanyoyin yankin suka gamu. Daga can zuwa Malaga kimanin kilomita 50 ne, zuwa Ronda kimanin 90, zuwa Garnaɗa kimanin 100, zuwa Ƙurɗuba kimanin 115, zuwa Ishbiliya kimanin 160. A sauke kaya sau ɗaya, a cika firiji sau ɗaya, a biya kuɗin sharar gida sau ɗaya. Ranar da dattijon ya tashi da ƙarfi a fita, ranar da ya tashi da kasala a zauna, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci ya yi. A ganinta wannan 'yanci na fasa fita shi ne babban abin da masauki ɗaya ke saye wa mutum, domin mai zango shida ya riga ya sayar da kwanakinsa tun kafin ya bar gida, ko yana da lafiya ko ba shi da ita sai ya tashi.

To, amma shirin nata ma yana da rami, kuma mijin bai daɗe ba ya gano shi. Taswira faɗi take nunawa, ba ta nuna gajiya. Kilomita 100 a kan babbar hanya mai ɓari biyu abin sa'a ɗaya ne da 'yan mintoci, amma hanyar dutse wani abu ce dabam. Daga Antekera zuwa ƙauyukan Alfuhara sai an ratsa gefen Garnaɗa, a gangara kudu, sa'an nan a fara hawa ana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, abin da ba zai kasa sa'a biyu da rabi ba. Tafiya da komowa sa'a biyar ke nan da ɗoriya, direba kuma ɗaya ne, dattijo yana zaune da gwiwoyi a naɗe. Ga kuma fadar Alhamra, wadda sai an sayi tikitinta tun da sauran makonni, an kuma rubuta wa mutum lokacin da zai shiga ɗakunan sarauta, in ya makara ya rasa. A watan Oktoba kuwa rana ba ta fitowa a can sai bayan ƙarfe takwas, watau wanda ke nesa a duhu zai kama hanya. Ya lissafa ya ga in an bi shirin matarsa za su yi fiye da sa'a 15 a mota kan hanyoyin da rabinsu komowa ce kawai. Sai ya ce mata, "Ke kin tsere wa akwati kin faɗa wa kwalta."

Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka ɗauke ta suka kai zaure bayan sallar lisha. Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, mun kasa daidaitawa, mun zo ka raba mu." Ya bayyana nasa, ya kuma bayyana na matarsa ba tare da ya rage mata kome ba, ita tana daga bakin ƙofa kanta a sunkuye. Dattijon ya saurara har suka ƙare, ya jawo taswirar ya dube ta a hasken fitila, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Kai kana so in ga ƙasa, 'yata tana so in komo da raina. Duk ku biyu kun so ni, Allah ya yi muku albarka. Amma ku zo in ara muku ma'auni daga littafi."

Ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya matafiyi yana yin ƙasaru in tafiyarsa ta kai mil 48, watau kilomita 80 da 'yan kai a lissafin yau, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, to ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Ya ce, "Ba fatawa nake ba ku ba, awo nake yi. Malamai sun ga wanda bai kai kwana huɗu a gari ba har yanzu a kan hanya yake, ko da yana kwance bisa gado. Shirinka, kai, kwana goma ne ban sauka ba ko sau ɗaya. Shirin 'yata kuwa ya saukar da ni, amma kusan kullum sai na yi tafiyar ƙasaru kafin in ga abin da na zo gani, in kuma sake yin wata kafin in kwanta. Ku nemo mini masaukin da zan yi kwana huɗu cikakku a cikinsa, ban da ranar shiga da ranar fita, wanda kuma abin kallonsa bai wuce tafiyar sa'a ɗaya da rabi ba. Kwana goma nawa irinsa zai ɗauka?" Ɗan ya yi lissafi ya ce biyu, kowanne dare biyar. Dattijon ya ce, "To, shi ke nan, an gama."

Ba a gama ba tukuna, domin taura biyu ba ta taunuwa. In masauki na farko yana Antekera, na biyu yana kusa da Garnaɗa, to Ishbiliya ta fita daga awo, Jayyan kuma ba ta da rana, tun da an yanke cewa duk fita mai nisa sai an bi ta da wunin hutu. Ishbiliya ba ta dami kowa ba sosai, amma Jayyan ta tsaya wa ɗan a rai, gama ya san Alfiyya ita ce littafin da mahaifinsa ya fi daɗewa yana koyarwa. Ya ce, "Baba, a ce mun je har can ba ka ga garin Ibn Malik ba?" Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, har ana ganin abin ya taɓa shi. Can ya ce mai Alfiyya shi da kansa ya bar Jayyan ya yi gabas, a Dimashƙa ya rasu a 1274, kuma abin da ya bari yana nan cikin gafaka. Ya ce ya gwammace ya bar gari ɗaya da saninsa, da ya ratsa shida yana gyangyaɗi. Da haka aka rufe maganar, ba don ba ta da zafi ba.

Masaukin farko gidan gona ne fari, a tsakiyar itatuwan zaitun, 'yar tafiya kaɗan daga Antekera. Dattijon ya sami ɗaki a ƙasa mai ƙofa zuwa tsakar gida, ɗan da matarsa suna sama. Wunin farko ba su je ko'ina ba sai kanti da kasuwa, da yamma kuma suka hau da mota zuwa gindin tsohuwar ganuwar garin, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1410. Daren nan aka tuƙa tuwo da miyar kuka, aka zuba man zaitun a madadin man shanu, dattijon ya ce in ban da sanyi da ya rantse yana Kano. Amfanin wannan wuni na zaman banza bai bayyana ba sai daga baya, domin shi ya ba tsohon jiki damar warware gajiyar jirgi kafin a nemi wani abu daga gare shi.

Kashegari suka nufi Ƙurɗuba bayan fitowar rana, suka isa da hantsi, suka ajiye mota a ƙetaren kogi suka tako tsohuwar gada a hankali. Babban masallacin, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa wajen shekarar 785, yana nan da ginshiƙansa fiye da 800 da bakunansa masu ratsin ja da fari. An mai da shi coci tun 1236, ba a kuma yarda a yi salla a ciki ba. Dattijon ya san da haka tun daga gida. Ya tsaya gaban mihrabi ya daɗe yana karanta rubutun da ke jiki, leɓɓansa suna motsi, ba wanda ya ce masa a yi sauri, domin ba makullin da ake jira a karɓa, ba kuma akwati a mota. Suka komo gida kafin magariba. Aka huta wuni guda, sa'an nan aka je Ronda, garin Abul Baƙa'i Arrundi mai shahararriyar marsiyyar Andalus, inda gadar da aka gama a 1793 ta haɗa ɓangarori biyu na garin a bisa wani kwazazzabo mai zurfin kimanin mita 100. A hanyar komowa ɗan ya ga abin da ya faɗa tun farko, watau hanyar da aka bi da safe ita aka maimaita da yamma, kuma sun bar garin daidai lokacin da ya fara kyau. Wannan shi ne kuɗin da aka biya, an kuwa biya shi da sani.

Ƙaura guda ɗaya tak aka yi, ita ma sai ta zama yawon buɗe ido maimakon wahala, domin ba a gaggauta ta ba. Masauki na biyu yana wani ƙauye a kwarin Lekirin, kimanin kilomita 30 kudu da Garnaɗa, kwari mai lemo da rumman da zaitun, wanda sunansa daga kalmar Larabci iƙlimi ya samo asali. Wurin ya dace da awon dattijon ta fuska biyu: rabin sa'a ne zuwa Garnaɗa, kuma nan ne ƙofar hawa Alfuhara. Ranar Alhamra suka karya kumallo a natse, suka isa da sauran lokaci. Fadar, wadda sarakunan Banu Nasar suka fara ginawa a 1238 suka kuma miƙa ta a farkon 1492, ta ci musu fiye da sa'a uku, dattijon yana dogara sanda, yana tsayawa duk inda ya ga rubutu a bango, rubutun kuwa ba ya ƙarewa. Ranar Juma'a suka koma birnin suka yi salla a masallacin unguwar Albayyazin, wanda aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa ana hangen Alhamra a ƙetaren kwari. Da a ce daga Antekera suke zuwa, da ɗayan biyun nan ba ta yiwu ba.

Amma abin da dattijon ya fi yawan ba da labarinsa bayan an komo gida ba ya cikin jerin da aka rubuta. Maƙwabcinsu a ƙauyen wani tsohon manomi ne, wanda a rana ta farko ya dube su kawai ya wuce, a ta biyu ya ɗaga hannu, a ta uku ya zo da rumman cike da kwando. Ba su da harshe guda, sai hannu da murmushi. Ya ja dattijon ya nuna masa magudanar da ke kawo ruwa daga duwatsu zuwa gonaki, inda kowane manomi ke da ranarsa da sa'arsa ta buɗe ruwa, ya ce sunanta asekiya. Dattijon ya ce, "Assaƙiya!" Manomin ya nuna tafkin da ake tara ruwan ya ce alberka, dattijon ya ce, "Albirka!" Ya nuna man zaitun ya ce aseite, ya nuna gidan matsarsa ya ce almasara, dattijon yana mayar masa da azzaitu da alma'asara, suna ta dariya kamar yara. Larabcin da ya zo nema a bangon fada sai ga shi da rai a bakin manomi, shekara fiye da 500 bayan faɗuwar Garnaɗa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, raɓa kuwa ba a kai mata rumman. Wanda ya kwana biyu ya wuce ba zai ga rana ta uku ba, kwandon kuwa a rana ta uku ya zo.

Wunin ƙarshe suka hau Alfuhara, ta Lanharon, har ƙauyukan kwarin Fokera, inda na can sama, Kafilera, yake bisa tsawon mita fiye da 1,400. Gidajen farare ne masu shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa, wanda ya tuna wa dattijon sorayen birni. A nan ne Musulmin da aka tilasta wa barin addininsu suka yi tawaye daga 1568 zuwa 1571, aka ci su da yaƙi aka warwatsa su cikin ƙasar, kafin umurnin korarsu gaba ɗaya ya fito a 1609. A bisa kansu ga dutsen Mulhasen, mai tsawon mita 3,479, wanda ya ci sunan Sarki Abul Hasan, mahaifin sarkin Garnaɗa na ƙarshe. Hanyar ta juya wa matar kai, iska kuma ta yi wa dattijon sanyi, amma da yake masauki bai fi sa'a guda da 'yan mintoci ba, sai suka sauko da la'asar, aka dafa shayi. Kashegari suka bi ta bakin teku zuwa Malaga, hanyar da ba su taɓa bi ba, suka mai da mota.

Mai karatu kada ya ɗauka cewa biyu ita ce amsa ga kowa. Samari huɗu masu jini a jika, kowa da lasin tuƙi da 'yar jakarsa a kafaɗa, in suka yi zango shida cikin kwana goma ba su yi laifi ba, za su kuwa ga almurun biranen da wannan gida bai gani ba. Mai ƙananan yara, ko wanda ƙasar da zai zaga ƙarama ce kuma shimfiɗaɗɗiya, masauki ɗaya ya ishe shi. Abin da ba ya sakewa shi ne yadda ake awon. A fara da duba wanda ya fi kowa rauni a cikin ayari, domin madugu na ƙwarai da jakin baya yake yanka zango. A auna nisa da sa'o'i, a kuma haɗa da komowa, kada a tsaya ga kilomitan taswira. A lissafa kowace ƙaura a matsayin rabin wuni da ya tafi. Sa'an nan a ware abin da za a bari tun ana gida, a bar shi da yardar rai, gama wanda bai zaɓi abin da zai rasa ba gajiya ce za ta zaɓa masa a hanya, ita kuwa ba ta shawara da kowa.

Dattijon yana nan a zaurensa yana biya Alfiyya. In aka zo wurin ambaton garin mai littafin yakan ce wa almajirai bai je Jayyan ba, amma ya zauna a Andalus har sau biyu, kuma yana da maƙwabci a can. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, ya kuma komo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.